Ciwon Lantarki A Jikin Babur Mai Gudu, Da Yadda A Kan Gano Shi

A cikin makonnin nan da suka wuce mun yi karatu a ɗakin sana'a bisa sha'anin lantarkin babur, musamman irin baburan nan masu gudu na tsere, kamar su Suzuki GSX-R750 wanda ya fito cikin 1985, da Yamaha YZF-R1 na 1998. Muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya, domin 'yan'uwanmu da malamanmu waɗanda ba su samu zuwa ba su ma su amfana.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, galibin irin waɗannan babura ba su da abin tayarwa na ƙafa. Tun da Honda ta fitar da CB750 cikin 1969 tayarwa da maɓalli ta yi ta yaɗuwa, har ya zama manyan babura sun dogara gaba ɗaya ga lantarki. Kadan lantarki ya ƙi, to, mai babur ya zama mai tafiya ƙasa, ko da tankinsa cike ya ke da mai. Abu na biyu kuwa, mutane da yawa da zarar babur ya ƙi tashi sai su ɗora wa batir laifi, su sayi sabo, bayan kwana kaɗan sabon kuma ya mutu. Ga hasarar kuɗi, ga ciwo na nan bai warke ba. Darasinmu duka a kan magana ɗaya ya tsaya, watau a auna tukuna kafin a saya.

Randa da rijiya

Batir kamar randa ya ke. Ba ya haifar da ruwa, ajiyewa kaɗai ya kan yi. Rijiya kuwa ita ce kwayil na caji, watau naɗin wayar tagulla da ke cikin injin, wanda maganaɗisu ke kewayawa sa'ad da injin ke juyi. Tsakanin rijiya da randa akwai wani ɗan akwati mai haƙarƙari, masu gyara na ce da shi raktifaya. Aikinsa biyu ne. Wutar da kwayil ke bayarwa kai da komo ta ke yi, shi ne ya kan miƙe ta ta bi hanya ɗaya yadda batir zai iya sha, kuma shi ne ya kan hana ta wuce kima. Wayoyi su ne hanyar da ruwa ke bi. Saboda haka in an iske randa ba ruwa, dalili ba ya wuce huɗu: ko randa ta tsage, ko rijiya ta ƙafe, ko hanya ta toshe, ko kuwa wani na sha da dare ba a sani ba.

Ƙarfin turawar lantarki da bolt a ke auna shi, sunan kuwa daga Alessandro Volta ne, mutumin Italiya wanda ya ƙago batir na farko cikin 1800. Irin batir na darma da ruwan asid, wanda a kan sake cikawa, Gaston Planté na Faransa ya ƙago shi cikin 1859. Kayan aikin da mu ke bukata ɗan mita ne na awon lantarki, kuɗinsa bai kai na batir guda ba.

Mataki na fari: batir

Batir na babur ɗaki 6 gare shi, kowane ɗaki na ba da wajen bolt 2.1. A kashe babur, a bar shi ya huta, sa'an nan a ɗora jar wayar mita a kan + baƙa kuma a kan −. Kadan ya nuna 12.6 zuwa 12.8, cike ya ke. Kadan ya sauko wajen 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa lalle sai an yi masa caji kafin a ci gaba, gama duk awon da aka yi da batir mai yunwa ƙarya ya kan faɗa. A yi cajin a hankali, da kashi ɗaya cikin goma na girman da aka rubuta a jikinsa, watau batir mai lamba 10 a ba shi amfiya 1.

Amma wannan awo bai isa ba. Tsohon batir ya kan nuna 12.6 yana zaune, da an aza masa kaya sai ya durƙusa. Don haka a bar mita a kansa, a danna maɓallin tayarwa, a sa ido. Mai lafiya ba ya faɗuwa ƙasa da wajen bolt 10. Wanda ya zube zuwa 7 ko 6 bayan an cika shi, wannan randa ce ta tsage, ba ta da magani sai canji.

Mataki na biyu: a saurari abin da babur ke faɗi

In an murɗa makulli ba fitila ko ɗaya da ta kama, a duba kawunan batir ko sun kwance ko sun yi farin tsatsa, sa'an nan a duba babban fis, wanda galibi mai amfiya 30 ne. Kada a maye gurbin fis da guntun waya ko wanda ya fi shi girma. Shi ne ke mutuwa domin sauran su tsira, wanda ya hana shi aikinsa yana gayyatar gobara.

In fitilu sun kama amma maɓalli bai ce kome ba, sau da yawa masu gadi ne suka hana. Akwai jan makunni a hannun dama na kashe injin, akwai wani a hannun kuloci, wani a sandar jingina, wani kuma na sanin ko babur na cikin giya. An sa su domin kada babur ya zabura da mai shi, amma ƙura da ruwan damina su kan shiga su ɓata su. A gwada su ɗai ɗai.

In an ji ƙas ƙas ƙas da sauri fitilu na dushewa, wuta ce ta kasa, ko daga batir ko daga kan da ya kwance. In kuwa ƙas ɗaya aka ji mai ƙarfi, fitilu ba su dushe ba, sitata kuma ba ta juya ba, to, a tuhumi ɗan makunnin maganaɗisu da ke ba ta wuta, ko kaurin wayar da ke zuwa gare ta, ko gawayin da ke cikinta ya cinye. Kada a manta da wayar da ke komawa daga jikin injin zuwa kan −, gama lantarki ba ya tafiya sai ya ga hanyar komowa.

Mataki na uku: rijiya

Bayan babur ya tashi, a mai da mita kan batir, a ɗaga injin zuwa juyi 4,000 ko 5,000 a minti. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Kadan ya tsaya a 12 da 'yan kai, caji ba ya zuwa, babur na cin guzurinsa ne kawai. Kadan ya haura 15, raktifaya ya saki linzami, zai dafa batir ya ƙone ƙwayayen fitila.

Wayoyi 3 ne ke fitowa daga kwayil, galibi masu launin rawaya. A fara duban mahaɗarsu, gama nan ne ciwo ya fi yawan ɓuya. Mahaɗa in ta saki ko ta yi tsatsa sai ta yi zafi, zafi ya ƙara tsatsa, har robar ta narke ta yi baƙi. In mahaɗa lafiya ta ke, a kashe injin a cire ta, a auna taurin hanya tsakanin wayoyin biyu biyu. Awo uku ɗin su zo daidai da juna, galibi ƙasa da om 1. Kada ko ɗaya ta nuna haɗuwa da jikin injin. Sa'an nan a ta da injin, a juya mita wajen wuta mai kai da komo, a sake aunawa biyu biyu. Awo ukun su zo kai ɗaya, su riƙa hauhawa tare da injin har su kai gommai. A yi hattara da yatsu a nan. Kadan kwayil ya ci jarrabawan nan duka amma caji bai zo ba, laifin ya koma kan raktifaya ko wayarsa.

Mataki na huɗu: ɓarawon dare

Wani babur da aka kawo mana ya ci matakai ukun nan sarai, amma in ya kwana uku a ajiye sai a iske batir wayam. Mai shi ya riga ya sayi batir biyu. Muka zare makulli, muka cire kan −, muka sa mita tsakaninsa da wayarsa, sai ga wuta na zurara. Muka yi ta zare fis ɗaya bayan ɗaya har zurarar ta tsaya. Ashe wani abin cajin wayar hannu ne aka ɗaura kai tsaye a kan batir, ba ta bayan makulli ba. Gyaran bai ci ko kwabo ba, waya ɗaya aka sauya wa wuri.

Gargaɗi

In za a cire batir a fara da kan −, in za a mayar a ƙare da shi. Kada a kusanto da wuta ko taba wurin caji, gama batir ya kan fitar da iska mai kamawa. In za a ara wuta daga batir na mota, a kashe injin motar tukuna. Zafi irin na bazara yana rage kwanan batir, zaman banza kuma yana kashe shi, don haka babur da za a daɗe ba a hau ba a cire masa kan − ko a riƙa yi masa caji lokaci lokaci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowane ɗan'uwa mai babur ya zo ɗakin sana'a ya auna nasa tun yana lafiya, ya rubuta lambobin a littafi, domin ran da ciwo ya zo ya sami abin gwadawa.