Darasin Kimiyya: Canza Man Shokar Gaban Babur

Ɗalibai, duk wanda ya hau Bajaj ko Jincheng ya bi lungunan bayan kasuwar Unguwar Rimi da damina ya ci moriyar shoka. A cikin kowace ƙafarta akwai sifirin da mai. Sifirin ke ɗaukar nauyi: gwargwadon yadda aka danne shi, gwargwadon ƙarfin da zai turo da shi, kamar yadda Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1678. Amma da shi kaɗai ne, da babur ya yi ta tsalle bayan kowane rami. Mai ke ladabtar da shi. Idan taya ta daki rami, ana matse man ya bi ta wasu ƙananan kafofi, ƙarfin girgizar ya rikiɗe ya koma zafi.

Saboda haka kaurin mai ba abin wasa ba ne. Man shoka irin 10W tsinkakke ne. Baƙin man inji 20W-50 da wasu kanikawa ke zubawa don sauƙin kuɗi ya fi shi kauri, sai gaban babur ya sandare, musamman da sanyin safiyar hunturu.

To, ga aikin. A kafe babur, gaba a sama. A sassauta murfin shoka tun tana ɗaure a jiki, sannan a cire taya a zare ƙafar. Wajen buɗe murfin a danne shi da tafin hannu, don sifirin na neman hanyar fita. A zare sifirin, a tsiyaye tsohon mai, a yi ta famfa ƙafar har ta daina ɗiga. Toka-tokan da kuke gani garin ƙarfe ne da ƙura.

Kayan aiki kuwa, a nemi soket ko sifana mai zobe daidai kan noti. Sifanar da ake wa ƙari da ragi tana cinye kusurwa. Kada filaya ta taɓa sandar shoka mai sheƙi, ƙarzane ɗaya ya isa ya yanka sil ɗin da ke tare mai, mai ya gangaro har birki. Alanki sai in za a canza sil.

A auna sabon mai da sirinji bisa adadin da littafin babur ɗin ya faɗa, a zuba wa ƙafa biyun daidai wa daida. A famfa a hankali iska ta fita, sannan a mayar da sifirin a rufe.