Wasiƙun Direbobin Damazin da Kuɗin Hanya a Ƙasar Wasu

Wasiƙar da aka fara buɗewa daga Rusairis ta fito, daga wani direban lori mai ɗaukar riɗi zuwa Gadarif. Maigidansa zai tura shi Habasha, shi kuwa ya ji ana cewa a can mota ba ta gusawa sai an biya kuɗin hanya. Mai gabatar da shirin amsa tambayoyi na Hausa a Damazin ya karanta ta har ƙarshe, ya ture tulin sauran takardun gefe, ya gyara zama. Duk wanda ya saba sauraronsa ya san ya samu irin wadda yake so.

"Ƙanena, wanda ya ba ka labarin nan ya ƙara gishiri," in ji shi. Ya ce in mutum ya fita ta Gallabat ya tsallaka Matamma, hanyar Gondar irin tamu ce. Wadda ake ta zancenta ita ce babbar hanyar Addis Ababa zuwa Adama, mai kimanin kilomita 80, layi uku zuwa uku dawowa, wadda aka buɗe a 2014. A bakin shiga za a miƙo maka kati ta taga, a wurin fita a duba nisan da ka yi da girman motarka, ka biya da birr, kuɗin ƙasar. Tsohuwar hanya tana nan a gefe ga wanda bai son biya, sai dai ya shirya haƙuri da cunkoson garuruwa. "Ka canza kuɗinka tun a iyaka, kuma ka sa katin nan a aljihun gaba. Kada ka naɗe goro da shi."

Sai ya rage murya, ya ce abin da ke karya direba a ƙetare ya fi wannan nauyi, kuma a bakin iyaka yake. Akwai tiriftik, littafin nan da ke tsaya wa mota lamuni cewa baƙuwa ce, za ta koma gida, ba sayar da ita za a yi ba. 'Yan kwastan su buga hatimi ranar shiga, su buga ranar fita. Wanda ya yi gaggawa ya fito ba hatimi na biyu, a takarda motarsa tana can har yanzu, kuma harajinta na jiransa. Akwai kuma inshora: katin nan mai ruwan ɗorawa na ƙungiyar COMESA yana aiki a Sudan da Habasha da Kenya da wasu maƙwabtansu, ya hutar da mutum sayen sabuwa a kowace iyaka.

Daga nan zance ya ja shi baya, kamar yadda ya saba. Ya tuna wa masu sauraro cewa kakanninsu ma sun biya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, da mahajjatan da suka yi ta tahowa a ƙasa kafin su da bayansu, sun ratsa Borno da Wadai da Darfur kafin su sauka a bakin kogi kusa da Sinnar. Kowane sarki yana da abin da ake ajiye masa, kowane mai jirgi yana da kuɗin fito. Aikin madugu ke nan: ya san nawa ne, wa za a ba, kuma ya ware shi tun kafin ayari ya tashi. "Yau kai ne madugun kanka, ƙanena. Ka tambayi waɗanda suka dawo jiya, ba waɗanda suka je shekaru goma da suka wuce ba."

Mai kula da na'ura ya nuna masa agogo ta gilashi, sai ya jawo ta gaba.

Wata Hajiya daga Mai Wurno tana tambaya ko ɗanta zai iya sa motarsa a jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda su yi Umara da ita, kuma nawa ake biya a hanyar Makka. "Hajiya, Allah Ya karɓa. Daga Jidda zuwa Makka zuwa Madina ba ƙofar karɓar kuɗi ko ɗaya." Inda ya san ana biya shi ne gadar Sarki Fahad mai haɗa Saudiyya da Bahrain, mai kilomita 25, wadda aka buɗe a 1986. Amma ya ce a gargaɗi yaron kan kyamarorin Sahir: ba mai tsayar da kai, ba mai yi maka usur, tarar gudu tana can tana taruwa da lambar motarka. "In ya ɗauko ƙafar da yake taka mai da ita tsakanin Sinja da Sinnar, Hajiya, kuɗin tsarabarki zai biya."

Wani matashi da ya samu aikin tuƙi a Dubai ya aiko da saƙon murya, yana kukan an yanke masa albashi kan abin da bai gani ba. Mai gabatarwa ya ce wannan Salik ne, tun 2007 suke da shi. Wata 'yar alama ce manne a gilashin gaba. Duk sanda mota ta bi ƙarƙashin ƙofar, na'ura ta cire dirhami daga asusu ba tare da an taka birki ba. Motar haya ko ta kamfani, mai motar ake caja, shi kuma ya juyo kan direba. Ya ce yaron ya nemi a buga masa lissafin, ranar da sa'ar kowace wucewa suna ciki.

Tambaya ta huɗu ta dawo gida. Wani mai kai kifin tafkin Rusairis kasuwar Madani yana so ya san dalilin da ake karɓar kuɗin wucewa alhali kwalta duk ramuka. A nan mai gabatarwa bai ɓoye ra'ayinsa ba: yana goyon bayan a biya, kuma yana goyon bayan a tambayi ina kuɗin suka shiga. Ya ce wani injiniya ya taɓa yi masa bayani cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan kai ninki 16, ga kuma baƙar ƙasarmu da ke kumbura da damina ta tsage da rani. "Saboda haka ku masu lodin gawayi har sama da kan direba, ku daina zagin rami, da hannunku a ciki." Abin da ya nace a kai shi ne rasit. Kuɗin gwamnati yana da takardarsa, Ornik 15, wadda tun 2015 na'ura ke fitarwa. A Habasha, a Masar, a Nijar, ko'ina, wanda ya karɓa da izini ba ya jin nauyin ba da shaida.

Wani bai sa suna ba, yana so a faɗi su waye ke ɗaure igiya a hanya tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. "Ɗan'uwa, ranka ya fi kayanka, ka isa gida lafiya tukuna," ya ce, ya kife takardar.

Ta gaba ta sa shi dogon numfashi, har makirufo ya ɗauka. Tambayar zuwa Kano da mota ce, wadda ba makon da ba ta zuwa. "Jama'a, don Allah. Na faɗa, na sake faɗa." Hanyar Junaina da Adare cikin yankin yaƙi take, bai ba kowa shawarar bin ta ba. Ga mai son sani kawai, ya ce a Nijar akan biya a bakin gari a karɓi tikiti. A Nijeriya gwamnatin Obasanjo ta soke kuɗin ƙofofin hanyoyin tarayya a 2003, sannan a 2025 aka soma karɓa a hanyar Abuja zuwa Keffi, Lafiya da Makurɗi.

Saura minti biyu ya cafko ta wani dattijo mai shirin kai iyali Aswan neman magani. "Baba, ranka ya daɗe, a gurguje." In ta Ashkit da Kustul ne, mashigar da aka buɗe a 2014, akwai kuɗin jirgin da zai tsallakar da mota tafki zuwa Abu Simbel, in ta Argin ne, kwalta ce ɗoɗar. Masarawa za su ba motar lambarsu ta wucin gadi, a manyan hanyoyinsu kuma ana biyan kuɗin hanya, wato karta, da fam ɗinsu, don haka ya riƙe canji. Zancen inshorar ƙasashen Larabawa, mai katin ruwan lemo, ya ce Baba ya kunna rediyo mako mai zuwa, da ita za a fara, tare da wasiƙun mutanen Wad al-Mahi da ba a kai gare su ba.