Idan Burauza Ta Fitar da Kai Daga Kwamfutarka

Kana cikin aiki a Ubuntu, ka buɗe Firefox ko Chrome, ka danna bidiyo, sai allo ya yi baƙi. Kafin ka ankara ga ka a wurin shigar da kalmar sirri, tagogin da ka buɗe duk sun tafi, har da rubutun da ba ka adana ba. Da yawa sukan goge burauzar su sake sa ta, kuma wahalar banza ce. Idan manhaja ta faɗi, ita kaɗai ya kamata ta faɗi. In ta ja komai suka tafi tare, to wani wuri mai rauni ta taka a ƙarƙashinta, galibi ɗayan biyu: direban katin hoto, ko RAM da ta cika.

Kada ka taɓa komai tukuna. Duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru, ka sake shiga, ka buɗe tagar umarni ka rubuta journalctl -b. Idan sai da ka kashe kwamfutar ka kunna, rubuta journalctl -b -1, wanda zai nuna maka kunnawar da ta gabata. Gangara zuwa wannan mintin ka karanta a natse. Layukan suna da yawa, amma kalmomi kaɗan kake nema. Ganin oom na nufin RAM ce ta ƙare. Ganin i915, amdgpu ko nouveau kusa da kuskure na nuna katin hoto: na farko na Intel, na biyu na AMD, na uku na Nvidia.

Matsalar RAM ta fi sauƙi. Tun daga Ubuntu 22.04 akwai systemd-oomd, wanda ke kashe manhajoji idan wuri ya ƙure, kuma ba ɗaya-ɗaya yake kashewa ba, rukuni guda yake kwashewa. Rubuta free -h yayin da shafukanka ke buɗe. Kwamfuta mai 4GB ba za ta ɗauki shafuka barkatai ba. Rage su, ƙara swap, ko ka sayi ƙarin RAM.

Ta katin hoto ce ke bukatar haƙuri. Burauzar zamani takan miƙa wa katin aikin zane da bidiyo, direba mai aibi kuwa nan yake tuntuɓe. Gwada google-chrome --disable-gpu, ko firefox --safe-mode, ka koma ainihin shafin da ya jefar da kai. Lura cewa na Firefox yana kashe ƙarin kayan da ka ɗora wa burauzar tare da aikin katin, don haka in an samu lafiya sai ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙa'ida na fi so ka riƙe: canji ɗaya, gwaji ɗaya. Wanda ya sauya abu uku a tare ba zai taɓa sanin wanne ya yi maganin ba.

Barin katin a kashe rufa-rufa ce kawai, domin injin zai yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Gyaran gaske yana wurin direba. Mai Nvidia ya bar nouveau ya koma direban kamfanin. Mai Intel ko AMD ya sabunta Mesa da kernel. Idan kuwa bayan sabuntawa ne cutar ta fara, zaɓi tsohon kernel daga jerin GRUB lokacin kunna kwamfutar ka gani.

Saura Wayland, tsarin da ke kula da nunin allo. A ƙarƙashinsa, faɗuwar gnome-shell ita ce faɗuwar zaman gaba ɗaya, alhali a Xorg, ɗayan tsarin, yakan farfaɗo, tagoginka na nan. A Ubuntu 22.04 da 24.04, alamar giyar inji da ke allon shiga za ta ba ka zaɓin Xorg. Kashe ƙarin kayan GNOME ma ka gwada. In duk wannan bai yi ba, sa memtest86+ ya kwana yana binciken RAM ɗin kanta.