Direban albasa da bashin barci

Tambaya: Likita, ni direban babbar mota ne, ɗan Kashin Zama. Idan kakar albasa ta kama, nakan yi lodi a Aliero in nufi Kudu, barcina ba ya wuce awa huɗu zuwa biyar. Na riga na saba, sai dai ciwon kai da saurin fushi. Ko akwai matsala?

Amsa: Akwai kuwa, Malam, kuma wannan sabon da kake taƙama da shi ne ya fi ba ni tsoro.

Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kwana guda, dattijon da ya haura shekara 65 kuma awa 7 zuwa 8. A shekarar 2015 ƙungiyoyin masana barci na Amurka suka tsaya a kan cewa kada baligi ya mayar da abin da ya gaza awa 7 ɗabi'arsa. Kai kuwa kullum kana cin bashin awa biyu zuwa uku, jiki kuma ba ya yafe irin wannan bashi.

A wani nazari da aka wallafa a 2003, masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa wasu lafiyayyun mutane barci zuwa awa 6 a kowane dare har tsawon mako biyu. Kullum hankalinsu sai ƙara dusashewa yake yi, har suka zo daidai da wanda ya kwana bai runtsa ba ko kaɗan. Amma da aka tambaye su, sai suka ce ɗan gyangyaɗi ne kawai suke ji. Wato ƙwaƙwalwar da za ta gaya maka ka gaji, ita ma ta gaji, shaidarta ba abin dogaro ba ce. Wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da lurarsa sun yi daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Da yawa cikin direbobinmu ba su taɓa kusantar giya ba, amma a irin wannan hali suke riƙe da sitiyari.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, a kan titi kuwa ba ya sallama. Ka bar Jega, ka wuce Maiyama ka miƙi hanyar Yawuri, ƙarfe uku na dare, injin yana ta ƙugi iri ɗaya. Kai ya ɗan sunkuya, ido ya lumshe na daƙiƙa huɗu, kai kanka ba ka san an yi ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa ta ci kusan mita 90 a wannan ɗan tsakani ba mai tuƙa ta. Idan ka fara yawan hamma, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzun nan, ko taya ta fara cin gefen kwalta, to lokacin tsayawa ya yi. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa maganin komai. Ka samu wuri mai tsaro inda motoci ke tsayawa, ka sha shayi, ka kwanta minti 20 kafin ka ci gaba. Kada kuma ka miƙa wa yaron mota sitiyari alhali tare kuka kwana a farke.

Ga kuma ɓarnar da ba a gani da wuri. Ƙarancin barci na tsawon shekaru yana da alaƙa da hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon zuciya. Wannan ciwon kai naka ya isa dalilin zuwa asibiti a auna jininka.

A gida, lissafin mai sauƙi ne: ka ƙirga daga asuba ka koma baya. Mai tashi ƙarfe biyar, ƙarfe goma ya kamata ta same shi a cikin gidan sauro, ba a teburin mai shayi ko kan waya ba. Wannan ya shafi manomin da ke raba dare yana ban ruwa a fadama, da ɗalibin jami'ar Aliero mai kwana karatu daren jarrabawa, wanda bai san cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta ba. Ƙailula bayan azahar tana taimakawa sosai, muddin ba ta wuce rabin awa ba.

Goro da shayi da lemon ƙara kuzari ɓoye gajiya kawai suke yi, kuma kusan rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar, don haka ranar da kake gida ka bar su daga la'asar. Tiramol da sauran ƙwayoyin da ake tallatawa a tasha kuwa, kada ka ko taɓa.

A ƙarshe ka tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi, numfashinka yana ɗaukewa sannan ka farka a firgice. Idan ta ce haka ne, ka faɗa wa likita, domin akwai cutar toshewar numfashi cikin barci, mai ita ko ya kwanta awa 9 a gajiye zai tashi, kuma tana da magani.