Haddi Kafin Suna: Keɓaɓɓun Kalmomi don Siffofin Ƙwayar Yisti

1.0 Gabatarwa

Tun daga kafa Hukumar Hausa a 1955 har zuwa fitowar Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, galibin aikinmu na ƙirƙirar kalmomi ya tafi ne ga neman suna: ga kalmar Turanci, ina takwararta? Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a fagen kimiyya akwai tambayar da ta riga wannan, watau, ina iyakar abin da za a raɗa wa sunan? An ɗauko misalai daga ilmin ƙananan halittu, musamman siffofin ƙwayar halittar yisti, wanda ɗan dangi ne ga funfuna da naman kaza da burtuntunar dawa.

2.0 Haddi a zaure

Limancin Kona tsohuwar unguwar malamai ce a cikin birnin Zariya, limaminta ma yana cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau. Almajirin da karatu ya kai shi ga mantiƙi a irin zaurukanta zai ci karo da littattafai kamar Sullam na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda shi ne dai mai Ahalari da kowa ya sani. A nan ake koya masa haddi, watau bayanin da ke shata iyakar abu. Ana gina haddi da jinsi da fasali. Jinsi shi ne babban gidan da abu ya fito, fasali kuwa shi ne abin da ya raba shi da sauran 'yan gidan. Sharaɗinsa shi ne ya zama jami'i kuma mani'i: ya tattaro 'yan gida duka, ya hana bare shiga. Sa'an nan ba a yarda a bayyana abu da kansa ba.

3.0 Ontoloji

Wannan hanya ce masana ilmin halitta suka koma wa da bayanai suka yi musu yawa. A 1998 masu nazarin yisti da ƙudan 'ya'yan itace da ɓera suka haɗu suka kafa Gene Ontology, domin kowa ya riƙa kiran abu guda da suna guda. Ontoloji a wurinsu tsararren ƙamus ne wanda kowace kalma a cikinsa take da lamba, da haddi, da uwar da ta fito daga ƙarƙashinta, ta yadda kwamfuta za ta iya bin salsalarta. A 2013 ma'aikatan rumbun PomBase na Jami'ar Kambirij suka buga bayanin FYPO, ontolojin siffofin wani yisti mai suna Schizosaccharomyces pombe. (Paul Lindner ne ya fara bayyana shi a 1893 daga giyar gero ta Gabashin Afirka, “pombe” kuwa giya ke nan da Suwahili. Ashe dai kalmar Afirka ta daɗe da zama a ɗakin binciken Turai.)

Ƙwayar wannan yisti kamar guntun sanda take. Kaurinta maikiromita 3 zuwa 4 ne, tsawonta 7 zuwa 14, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Tana ƙara tsawo ta bakunanta, in ta kai wajen 14 sai ta gina shamaki a tsakiya ta rabe biyu. Tana da jin kusan 5,000, watau gutsattsarin sinadarin gado masu ɗauke da umarni. Idan aka lalata ɗaya, sai a duba a madubin ƙara girma a ga abin da ya sauya. Wannan abin da ido ya gani ko awo ya nuna shi za mu kira bayyananniyar siffa.

4.0 Doguwa da ƙarama

A shekarun 1970 Paul Nurse, yana aiki a Edinbara, ya ware ƙwayoyi iri biyu. Na farko sun ci gaba da girma amma sun kasa rabuwa, sai suka miƙe zungui-zungui. Na biyu suna rabuwa tun suna wajen rabin girman da aka saba, ya kira su “wee”, kalmar mutanen Sikotilan mai nufin ƙanƙane. Wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001 tare da Leland Hartwell da Tim Hunt.

To, yaya za mu kira irin na farko? Baki zai yi saurin cewa “doguwar ƙwaya”. Amma lafiyayyar ƙwayar ma ai doguwa ce in an gwada ta da yistin burodi, wanda yake kamar ƙwai. Ke nan sunan bai zama mani'i ba, bare ya shiga. Abin da ake nufi shi ne tsawon da ya wuce na ma'auni, ma'aunin kuwa shi ne irin da ba a taɓa ba, wanda masana suka sani da lamba 972. Haddin da nake ba da shawara shi ne: ƙwaya ce (jinsi) wadda tsawonta ya zarce na ma'auni, kuma ya rinjayi kaurinta fiye da yadda aka saba (fasali). Gaɓar ƙarshe ita ce ta fitar da wadda ta ƙaru ta kowace fuska, tsawo da kauri tare. Ita wannan sai mu ce kumburarriya.

Bayan haddi ya tsaya ne za a ga arzikin Hausa. Siffar da ake ginawa daga fi'ili, irin su miƙaƙƙiya da kumburarriya da lanƙwasasshiya da mulmulalliya, tana ɗauke da ma'anar cewa abu ya bar halinsa na fari ya shiga wani. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da masanin yake son faɗa, “doguwa” kuma ba ta faɗarsa. Sai dai “miƙaƙƙiya” tana iya nufin wadda ba ta da lanƙwasa, saboda haka ni na fi karkata ga “tsawaitacciya”. Amma zungureriya da zanƙaleliya, duk da daɗinsu a bakin mai tatsuniya, a ganina ba su dace ba, domin suna tafe da raini ko mamaki, ba su kuwa da ma'auni.

Irin na biyu ma akwai gyara. “Gajera” tsawo kaɗai ta taɓa, “ƙarama” kuwa a Hausa tana iya nufin yarinta, alhali kowace ƙwaya ƙarama ce a sa'ar da aka haife ta. Dole fasalin ya ambaci lokaci: ƙwayar da girmanta bai kai na ma'auni ba a lokacin rabuwa.

5.0 Matacciya ko juya?

Tsawaitacciyar ƙwayar da ta kasa rabuwa takan ɗauki sa'o'i tana cin abinci tana girma, saboda haka ba a ce mata matacciya ba tukuna, ga shi kuma ba za ta bar zuriya ba. Makiyayi zai ce juya ce. Matsalar ita ce yistin nan hanyar yaɗuwarsa biyu ce: yana rabuwa idan abinci ya wadata, idan kuwa yunwa ta matsa sai ƙwayoyi biyu masu saɓanin jinsi su haɗu su haifar da iri huɗu. Akwai ƙwayar da take rabuwa lafiya lau amma ba ta iya wannan haɗuwa. Idan muka ba su duka biyun “juya”, mai bincike a Samaru da takwaransa a Kano za su rubuta kalma guda alhali jin daban suka lalata, kwamfuta kuwa za ta zuba su a kwando ɗaya. Shawarata a bar “juya” ga mai kasa haɗuwa, a ce wa ɗayar “makasa-rabuwa”.

Akwai kuma siffar da ba ta ƙwaya guda ba ce. FYPO ta ware wa siffofin taron ƙwayoyi reshe na daban. Idan aka ce yisti yana “jinkirin girma” a faranti, yawan taron ne bai ƙaru da sauri ba, mai yiwuwa kuwa rabin ƙwayoyin sun mutu ne, sauran suna rabuwa yadda suka saba. A nan Hausa tana da kalmomi biyu a shirye: girma ga ƙwaya guda, yaɗo ga taro.