Darasi na 6: Ciwon Karkarwa da Saƙonnin Ƙwaƙwalwa

Kafin ka kai loma baki, sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarni. Can cikin tsakiyarta akwai wasu curi na ƙwayoyin jijiya da likitoci ke kira basal gangiliya. Aikinsu irin na mai tsaron ƙofa ne: su bar motsin da ake so ya wuce, su tare wanda ba a so.

Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba. Akwai 'yar tazara tsakaninsu, sai ɗaya ta saki sinadari, ta gaba ta karɓa, da haka saƙo ke tafiya. A wannan wuri dofamin ne ke sauƙaƙa motsi, wani kuma mai suna asetilkolin yana yi masa kishiya. Idan ƙwayoyin da ke yin dofamin suka mutu da yawa, sai asetilkolin ya rinjaya. Hannu ya riƙa karkarwa ko mutum yana zaune, jiki ya sandare, taku ya gajarta, fuska ta daina nuna fara'a. Wannan ita ce cutar Parkinson, sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukarta wurin cin abinci tare.

Ba tsufa kaɗai ke taɓa wurin nan ba. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yana iya lalata shi. Magunguna irin su Largactil, Haldol da Primperan kuma suna toshe inda dofamin ke sauka, har su kawo alamu iri ɗaya. Shi ya sa muke cewa ku zo da kwalin kowane magani da majinyaci ke sha.

Dofamin da kansa ba ya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, don haka ake ba da lebodofa, ƙwaƙwalwa ta juya shi ya zama dofamin. Ba ya warkar da cutar, amma tsohon da ya kasa ɗaura maɓalli yakan koma yin aikinsa. A sha minti 30 kafin abinci, domin nama, wake da madara suna rage shigarsa. Kada a tsayar da shi farat ɗaya; tun kafin ya ƙare a dawo asibiti.