Aikin da Ba a Tafa Masa

'Ya'yana, ku matso kusa, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce.

Na lura da wani abu a 'yan shekarun nan. Duk ranar da aka zauna rabon aiki a ikilisiya, in aka zo kan waƙa, ko jagorancin sujada, ko wanda zai riƙe makirfo ranar taron matasa, sai ka ga hannuwa sun tashi sama. In aka zo kan wanda zai riƙa share majami'a ran Asabar da la'asar, ko mai ɗebo ruwa ya cika randa kafin jama'a su iso, ko wanda zai kwana asibiti wajen tsohuwar da ba ta da mai jinya, sai wuri ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Ba zarginku nake yi ba. Ƙuruciya tana son a gan ta, kuma murya mai daɗi baiwa ce daga Allah, ba wanda zai ce ku ɓoye ta. Abin da nake so ku sani shi ne, ikilisiyoyin nan namu, tun daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, ba a kan makirfo suke tsaye ba.

Ku dubi yadda aka faro. 'Yan mishan na SIM sun shigo Nijar a 1924, suka sauka Damagaram, kafin 1930 kuma sun buɗe tasha a nan Tsibirin Gobir. An fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na masu fama da kuturta a Danja ya biyo baya a 1956. Turawan da suka yi wannan aiki an rubuta sunayensu, an ajiye hotunansu, kuma sun cancanci a tuna da su. Amma wa ya koya musu Hausa har bakinsu ya faɗa? Wa ya riƙa wanke gyambon majinyata a Danja kowace safiya, a zamanin da ɗan'uwa ma kan ƙi haɗa ƙwarya da mai wannan ciwo? Wa ya zauna gindin itace da allo yana nuna wa manya baƙaƙe, har dattijo mai furfura ya iya karanta Bisharar Markus da kansa? 'Yan ƙasar nan ne, iyayenku da kakanninku, kuma mafi yawansu ba littafin da ya ɗauki sunansu. Da ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 'yancin kai, irin waɗannan mutane ta tarar sun riga sun share mata wuri. Har yau makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye tana sallamar ɗalibai zuwa ƙauyuka, kuma duk fasto ko mai bishara da ya fito daga can zai gaya muku cewa bayansa akwai matar da ta yi daka da surfe ta riƙe gida da abin da bai taka kara ya karya ba, akwai kuma wata ƙaramar ikilisiya da ta tara tiya-tiya na hatsi don kada karatunsa ya tsaya.

Bari in ɗauko muku misali daga gonakinku, tunda kun fi ni saninsu yanzu. Wanda ya girme ku ya san yadda ƙasar nan ta koma fili fetal bayan farin shekarun 1970. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta yi tas, ba ko tsiro. Iska takan taso da rairayi ta binne shuka, mutum ya sake shuka sau biyu, sau uku. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da SIM a Maraɗi, shi ne a 1983 ya tsaya ya dubi ɗan tsiron da kowa ke sarewa a gona, ya gane cewa ba ciyawa ba ce, tsohon kututture ne da saiwarsa ke raye a ƙasa tana neman hanyar fitowa. Aikin da ya rage kaɗan ne, kun kuma san shi: ka zaɓi reshe mai ƙarfi ko 'yan ƙalilan, ka sare sauran da kaifin gatari daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, ka ɗaura ɗan ƙyalle don mai wucewa ya san da mai shi, ka dawo bayan 'yan watanni ka sake gyarawa. Shi ne sassaben zamani. Manoman farko da suka yarda an yi musu dariya, an ce sun bar gona da datti, an kuma sace musu itacen da dare. A yunwar 1984 mutane da yawa sun karɓi dabarar saboda ana ba da abinci a bakin aikin, da abincin ya ƙare kuwa da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka riƙe, su ne suka canza ƙasar. Shekara ashirin da wani abu bayan haka, da masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan'adam, suka tarar da kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ɗan Saga, nan cikin Agye, har baƙi daga ƙasashen waje suke zuwa gani. Rinaudo ya karɓi babbar lambar yabo ta duniya a 2018, amma gawo da kalgo da sabara da aduwar da kuke gani, manoma ne suka rena su ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista, ba wanda ya tafa musu.

Rayuwar mai bi haka take. Abin da ke riƙe da kai yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa: addu'ar da ka yi da asuba kafin ka ɗauki hauya, ayar da ka karanta wa ƙanenka da fitila, bashin da ka biya ba tare da an biyo ka ba, fushin da ka haɗiye. In wannan yana raye, ko an sare ka za ka sake toho. A Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa, mun ga haka da idonmu. Gini ya ƙone, benci ya ƙone, amma ran Lahadi mutane suka taru suka yi sujada, domin akwai waɗanda tun da daɗewa suka saba zuwa ko ana kallo ko ba a kallo.

Ku buɗe Littafi ku gani ko ba haka Allah ya saba aiki ba. Luka ya gaya mana Yesu yana da wajen shekara 30 sa'ad da ya fara hidimarsa a fili. Kafin nan fa? Nazarat, aikin kafinta, biyayya ga iyaye. Yusufu, mijin Maryamu, ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa ba, amma duk abin da aka umarce shi ya tashi ya yi, har gudu da jariri zuwa Masar cikin dare. Kowa ya san Bitrus, amma ɗan'uwansa Andarawas ne ya kawo shi wurin Yesu. Wasiƙar Romawa da fastoci ke wa'azi da ita, wani mai suna Tartiyas ne ya riƙe alƙalami Bulus yana faɗa masa. Ni kuwa wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce Tabita ta Yafa. Ba a ce ta yi wa'azi ba. Da ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Shaidarta ke nan, tana jikin mutane. Ku tambayi kanku, in yau aka ce ba ku, me za a ɗaga a nuna?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a ƙasar nan. Mu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. A ƙauyuka da yawa gida biyu ne ko uku. Maƙwabcinka ba zai shigo majami'a ya ji wa'azin fasto ba, amma yana ganinka a rijiya, a kasuwar Cadawa, a wurin biki da wurin makoki. Gani ya kori ji. Yana lura ko tiyarka cikakkiya ce in kana awo, ko ka taɓa matsa iyakar gona, ko matarka tana cikin kwanciyar hankali, ko in an ba ka ajiya za a same ta yadda aka bar ta. Wannan shaida ba a gina ta a taron kwana uku. Shekaru take ci, kuma ƙarya ɗaya a kan jaka biyu tana iya rushe ta. Sau da yawa na ji an ce a kai ajiya gidan wane, ba ya cin amana, mai faɗin kuwa ba addininsu ɗaya ba. In an faɗi haka a kanka, ka yi wa'azin da ya fi na bisa mumbari nisa.

Kada kuma ku ɗauka mu kaɗai muka san wannan hali. Tun 2019, da 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankin Gidan Rumji, kafin motocin agaji su iso, talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe gidajensu suka raba ɗan abin da ke rumbu. Yawancinsu Musulmi ne, ba kuma wanda ya ɗauki sunansu. Ku koya daga gare su, ku yi tare da su.

Yanzu ga inda nake so ku yi hattara, wato waya. Ba laifi ba ne ku sa hoton taronku a Facebook ko WhatsApp. Amma in kun kai wa gwauruwa buhun hatsi, ku bar wayar a aljihu. Ku yi tunanin yadda za ta ji in ta san jikokinta da ke birni sun gan ta tsaye kusa da buhu ana nuna ta ga duniya. Kun cika mata ciki, kun tsiraita ta. Ubangiji ya yi maganar nan a fili cikin Matiyu sura 6, a kan sadaka da addu'a da azumi: wanda ya yi don mutane su yaba, yabon nan shi ne ladansa duka. Iyayenmu mata na zumunta sun san hanyar. Mace za ta zo da magariba kamar gaisuwa ta kawo ta, ta ajiye ƙwarya rufe da faifai a bayan ƙofa, a yi hira a kan ciwon ƙafa da tsadar mai, ta tashi ta tafi. Ba a ambaci ƙwaryar ba, mai gida kuma ba ta ji kunya ba.

Sai dai kada ku juya maganata. Yin aiki shiru dabam, rufa ɓarna dabam. Kuɗin ikilisiya ba ya son duhu. Ma'ajin kirki ba ya ƙirga baiko shi kaɗai. Yana kiran mutum na biyu, su zube kuɗin bisa tabarma, su ware dala-dala, a rubuta a littafi da kwanan wata, su sa hannu su biyu, ƙarshen wata a karanta wa jama'a. Damman hatsin da aka kawo na godiya bayan kaka, a ƙirga su kafin su shiga rumbu, a ƙirga in za su fita. Haka nan in kun ga ana cutar yaro, ko ana dukan mace, ko wani babba yana taɓa abin da ba nasa ba, shirunku ba tawali'u ba ne. Ku je wurin dattawa ku faɗa, da ladabi, amma ku faɗa.

Ku masu tafiya cirani, ko Nijeriya, ko Agadas, ko wuraren haƙar zinariya, ko gaba da nan, a can ne za a gwada wannan magana. Ba fasto, ba dattijo, ba wanda ya san sunan mahaifinka. Abin da ka yi da daren Asabar a garin da ba a san ka ba, da kuɗin da ka aiko gida ko ka hana, da alkawarin da ka yi wa matarka a gaban ikilisiya, duk Allah yana gani. Ka nemi 'yan'uwa masu bi ko biyu ne, ku riƙa haɗuwa. Ka tafi da Littafinka, ko a waya ne.

Zan gaya muku gaskiya, aikin nan yana da gajiya. Wata rana za ka share majami'a shekara guda, a zo ranar godiya a ambaci kowa a manta da kai. Zai yi ciwo, kada ka ce ba zai yi ba. Ka kai ciwon wurin Ubangiji, in ya yi nauyi ka gaya wa wani dattijo da ka yarda da shi, kada ka bar shi ya zama gunaguni a bayan fage. Mu manya kuma haƙƙinmu ne mu buɗe ido mu ce sannu da aiki, domin kalmar nan ba ta rage wa kowa lada.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Kowa ya ɗauki aiki ɗaya, kada ya wuce ƙarfinsa, ya riƙe shi daga wannan kaka zuwa ta baɗi. Mai karatun lakwal ya zauna kusa da ma'aji ya koyi riƙon littafi, don idanun tsohon sun fara gajiya. Mai babur ya ɗauki nauyin kai tsofaffi asibiti. 'Yan mata biyu su karɓi ajin yara na Lahadi, su shirya darasin tun ran Juma'a. Wani kuma ya ɗauki takarda da biro ya zaga wurin tsofaffin da suka rage a Tsibiri da Agye da ƙauyukan Gulbin Kaba, ya tambaye su wa ya fara koya musu karatu, wa ya gina majami'ar farko, wa ya ciyar da su a 1984, ya rubuta tun suna da ƙarfin ba da labari.

Allah ya yi muku albarka, ya raya mana ku. Ku gaida iyayenku.